Faifan Inna

Hotunan Inna, Allah ya jiƙanta, duk suna kan faifan CD guda da mai hoto ya ba mu. Ƙurar Damagaram da zafi sun cinye shi.

A siber wani ya nuna mini: karcewar ƙasa da sauƙi, ta saman, wajen rubutu, ita ke kashe hoto, don bayanan na dab da nan. Muka goge shi daga tsakiya zuwa baki, muka gwada kwamfuta uku, don wata na karanta abin da wata ta ƙi.

Galibi sun fito. Ɗaya rabi ya fito: goshinta da idanunta, sauran toka-toka. Yayata ta ce a share, wai ba kyan gani. Ni kuwa shi na kai aka wanke mini.