Zagayen da Ban Rufe Ba



Duk wanda ya tashi a Ungogo ya san ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Gona na bin gona, burtali na bin burtali, in ka tsaya a bayan gidanmu za ka hango mai keke tun yana nesa har ya iso ku gaisa. Tudun da muke tinƙaho da shi shi ne duwatsun Fanisau, inda Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya yi sansani lokacin yaƙinsa da Ɗantunku, har Baturen nan Clapperton ya same shi a can a 1824. A nan nake kai Autanmu gudu kullum bayan sallar Asuba, domin ya cike takardar shiga soja, burinsa ya ga kansa a makarantar horar da kurata ta Zariya. Mukan bi ta cikin gonaki, mu hau dutsen, mu sauko, mu dawo gida kafin Inna ta gama dama koko. Kilomita 10 ba ta kai mu awa guda.

Abin da ya ja mu Tiga kuwa, waya ce. Na daɗe ina kallon bidiyon masu gudun tsaunuka. Na ga na Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005, inda ake haura dutse na kusan kilomita 11. Na ga na Turai, masu zagaye tsaunin Mont Blanc, tafiyar kusan kilomita 170 da ke ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, ga tafkuna garai-garai a tsakanin duwatsu. Sai na ce a raina, ai mu ma muna da ruwa da dutse a wuri guda. Madatsar Tiga tana nan tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, an gina ta tsakanin 1971 da 1974, ga kuma duwatsun Rurum a gefenta, a ƙasar Rano.

Ni kuma difloma gare ni a fannin safiyo, don haka na ɗauki kaina gwanin taswira. Na buɗe hoton tauraron ɗan'adam a waya, na zana mana hanya. Tafkin gaba ɗaya ya fi ƙarfin ƙafa, sai na zaɓi wani reshe nasa da ya kutsa cikin duwatsu. Za mu bi bakin ruwa, mu haura dutse ta bayansa, mu gangaro, mu tsallaka ta wani fili da na gani a bushe a bakin reshen, mu dawo inda muka tashi. Waya ta ce kilomita 14. Na ce awa biyu ta ishe mu.

Da na gaya wa Inna, ba ta hana ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Saura mako uku a tantance yaron nan. Ka kai min shi, ka dawo min da shi."

Ranar wata Asabar cikin Disamba muka hau motar Rano, daga can babur ya kai mu Rurum. Ƙarfe tara ta wuce kafin mu fara. Guzurinmu ruwan leda huɗu da dabino. A bakin ruwa mun wuce wasu masunta suna gyaran raga, wani dattijo a cikinsu ya ɗaga kai ya ce, "Samari, ina zuwa haka?" Na ce, "Motsa jiki ne, Baba," ban ko rage gudu ba.

Awa ta farko daɗi ce zalla. Iskar hunturu na bugo mu daga kan ruwa, balbelu na tashi a gabanmu, Auta na gaba ina biye. Da muka kama dutse, labari ya canza. Dutsen Fanisau kafin numfashinka ya ɗauke ka kai samansa. Wannan kuwa in ka haye falale ɗaya sai ka tarar da wani a kansa, ga hazo ya rufe na gaba. Abin da na zana a matsayin miƙaƙƙen layi ashe kwazazzabo ne cike da sarƙaƙiya, dole mu kewaye shi. Gudu ya koma tafiya, tafiya ta koma rarrafe da hannu.

A aji an koya mana cewa nisan da ke kan takarda ba shi ne nisan da ƙafa ke takawa ba. Har na taɓa karanta ƙa'idar da wani mahayin tsaunuka ɗan Sukotlan, William Naismith, ya fitar a 1892: mai tafiya ya ware awa guda ga kowace kilomita 5, ya ƙara wata awa ga kowace mita 600 ta hawa. Da na yi wannan lissafin a gida, da na ga cewa ko ba dutse, tafiyarmu ta kusa awa uku in gudu ya gagara. Ban yi ba, domin lissafin da na fi so shi ne wanda zai burge ƙanina.

Wajen ƙarfe goma sha biyu muka kai saman dutsen. Ruwanmu saura leda ɗaya. Auta ya ce, "Yaya, ko mu koma ta inda muka zo?" Wannan tambayar ce har yau take dawo min. Na duba waya, ta nuna mun ɗan wuce rabi. Na ce masa komawa ta fi ci gaba nisa, kuma gaba gangare ne. Maganata gaskiya ce a kan taswira. Sai dai hanyar baya mun taka ta mun san ta, ta gaba kuwa hoto kawai na gani.

A gangaren ne abin ya faru. Masu gudun dutse sun san saukowa ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta riga ta gaji, nauyin jiki kuma yana tura mutum gaba. Ni ne na ce mu ƙara sauri mu rama lokaci. Auta ya taka wata tsakuwa a kan falale, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe, ya zube. Bai yi ihu ba, salati kawai ya yi ya riƙe idon sawunsa. Kafin na kwance masa kambas wurin ya fara kumbura.

Na cire rigata na ɗaure masa, ya rataya a kafaɗata, muka ci gaba da gangarowa taku-taku. Ina ta ba shi haƙuri da cewa da mun tsallake filin nan shi ke nan. Da muka iso, babu fili. Ruwa ne shimfiɗe daga ƙafarmu har ɗaya gaɓar, kan wasu bishiyoyi kaɗai ke leƙowa daga ciki.

A nan na gane abin da na yi. Tiga tana cika da damina, sannan ta riƙa ja baya duk tsawon rani yayin da ake sakin ruwanta zuwa gonakin Kadawa da Kura. Hoton da na yi aiki da shi an ɗauke shi ne lokacin da ruwa ya janye, mu kuma mun zo watanni kaɗan bayan damina. Abu na farko da ake koya wa ɗan safiyo shi ne ya duba ranar da aka yi taswira. Ban duba ba.

Muka zauna a gindin wani dutse. Waya babu sabis. Na ba Auta ledar ruwan ƙarshe, ya sha rabi ya miƙo min, na ce na ƙoshi. Inda muka tashi da safe muna hango shi a tsallake, bai fi a kira mutum ya kusa ji ba. Ganin Dala ba shiga birni ba. Na yi ta ɗaga hula ina kira har muryata ta dushe.

La'asar ta kusa sai ga kwalekwale ya nufo mu. Dattijon nan ne na safe. Ya ce tun azahar da bai ga dawowarmu ba ya san inda muka maƙale, domin duk wanda ya haura dutsen nan a wannan watan nan yake ƙarewa. Ya taimaka min muka sa Auta a ciki. Muna tsakiyar ruwa ya ce, "Yaro, da ka tsaya da safe da na faɗa maka. Wurin nan sai bazara ake taka shi." Na ce, "Na yi kuskure, Baba." Bai ƙara komai ba, ya ci gaba da tuƙi. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce mu ƙara a na mota.

Bayan Isha muka shiga gida. Inna ta dubi ƙafar Auta, ta dube ni, ta aika a kira mai ɗori. Washegari a asibiti aka ce ba karaya ba ce, mummunan targaɗe ne, sai ya yi makonni bai yi gudu ba. Ranar tantancewa ta zo ta wuce yana dogara sanda. Abokansa biyu da muke gudu tare sun tafi. Har yau Inna ba ta yi min faɗa a kan maganar ba, ni kuwa da ta yi da ya fi min sauƙi.

Auta ya warke, mun koma gudun Fanisau, yana jiran a sake buɗe ɗauka. Bai taɓa ɗora min laifi ba, sai dai in na ce mu bi wata sabuwar hanya yakan yi dariya ya ce, "Yaya, ka duba kwanan watan?"

Ya ce yana son mu koma mu rufe zagayen nan. Na ce sai bayan an tantance shi, kuma sai ruwa ya janye. In Allah Ya kai mu, za mu tafi da ruwa isasshe, mu fara da sassafe, na kuma sayi goro na kai wa dattijon nan, na zauna ya gaya min ta inda ake bi kafin na ɗaure igiyar takalmina.

Allah Ya sa mu dace.