Jalingo: Inda Fartanya Ke Haɗa Baƙo Da Ɗan Gari

Matafiyin da ya taso daga Yola ya biyo ta Mayo Belwa da Zing, tun kafin ya hango Jalingo zai fara ganin abin da ke riƙe da ita, watau gonakin doyar Mumuye da suka bi gindin duwatsu, tsibi bayan tsibi, har iyakar ganin ido. Garin kansa yana zaune ne a ƙarƙashin duwatsu, kogin Lamurde da na Mayo Gwoi suna ratsa shi.

Asalinsa sansanin yaƙi ne. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya daɗe yana fama da Jukunawan Kona, har wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya taimake shi da igwa a 1892, sa'an nan a 1893 Sarki ya mai da wurin mazauninsa. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ciri Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Jalingo ta zama hedkwata. Tun daga nan ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, gidaje suka cinye gonakin bakin gari. Bayan faɗuwar Mubi a hannun Boko Haram a 2014 kuwa, sai ga 'yan gudun hijira, da yawansu ba su zo da kome ba sai sanin noma.

To, baƙo a nan ta gona yake shiga gari. Yakan sami fili aro ko haya ta hannun mai unguwa, ranar gayya kuma a gan shi da fartanya a gonar maƙwabci, a ci tuwo ɗaya, ana juya magana tsakanin Hausa da Fulatanci. Da rani Bahaushe ɗan lambu yana bakin rafi da injin ban ruwa, yana fid da tumatir da attarugu da alayyafo, wanda kuwa ya ga lambu na kawo kuɗi lokacin da gonar tudu ta bushe, ba ya tambayar ƙabilar wanda zai koya masa.

Amma babbar ma'amala ita ce ta manomi da makiyayi. A al'ada, in an kwashe amfanin gona sai Bafillace ya sauke shanunsa a gonar, su ci kara da harawa, su bar taki. Gonar da ta zama mashekari takan yi 'yan shekaru tana ba da yabanya mai kyau ba tare da an sayi takin zamani ba. Cinikin nan ba ya tafiya sai da shugabanni, domin Ardo da Sarkin Noma ne ke sanin ranar da aka gama girbi, da inda burtali ya bi, da abin da za a biya in saniya ta yi ɓarna. Mutum ba ya samun wannan girma don yawan dukiya, sai in ɓangarorin biyu sun yarda ba ya karkata.

A kan wannan ne shirin Fadama na biyu ya so ya yi gini, wanda Bankin Duniya ya tallafa tun daga 2004, Taraba kuwa tana cikin jihohin da suka amfana. Sharaɗinsa shi ne manoma, makiyaya, masunta, mafarauta da mata kowa ya kafa ƙungiyarsa, sa'an nan ƙungiyoyin su haɗu a inuwa ɗaya su tsara abin da suke bukata kafin a saki kuɗi, su ma su sa nasu kason. Amfanin tsarin bai tsaya ga injuna da rijiyoyi ba. Wanda ya riƙe littafin ƙungiya ko ya zama ma'aji, ya koyi tsayawa gaban jama'a ya ba da lissafi, ko da kuwa jiya ya zo garin. Haka ma aka gani a Amurka, inda leburorin gonakin inabi 'yan asalin Filifin suka fara yajin aiki a Delano a 1965, 'yan asalin Meziko ƙarƙashin Cesar Chavez suka mara musu baya, har ƙungiyoyinsu suka haɗe a 1966.

Sai dai zaman bai rasa tsatsa ba. A 2017 jihar ta yi dokar hana kiwon sake, manoma da dama suka yi na'am, ƙungiyoyin makiyaya suka ce an toshe musu hanyar abinci. A 2019 rikici ya ɓarke tsakanin mutanen Kona da makiyaya a ƙauyukan Jalingo da Ardo Kola, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje a daidai lokacin shuka. Duk inda shanu suka daina kwana a gona, dole manomi ya koma ga buhun takin zamani, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, makiyayi kuma ya sayi dusa da harawar da a dā yake samu da taki da ƙwaryar nono.