A Kan Allon Scrabble, Kwabo Ya Fi Naira Daraja

A wannan makon za mu tattauna ne kan wani wasa da ya zame mana abin yi a ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a, wato Scrabble, da irin amfanin da muka samu a cikinsa wajen sanin kalmomin Turanci da ma'anoninsu.

Ga wanda bai san shi ba, allo ne mai gidaje 225, jere 15 a tsaye, 15 a kwance. 'Ya'yan wasan guda 100 ne, kowanne da harafi a jikinsa da makin da yake ɗauke da shi, in ban da guda biyu da aka bari babu komai, waɗanda za su iya zama kowane harafi. Kowa zai ɗebi bakwai ya haɗa kalma. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro wasan a 1938. Ya ƙirga yawan fitowar haruffa a rubutun Turanci, sai ya ba waɗanda suke da yawa maki kaɗan, masu wuyar samu kuma maki mai tsoka. Shi ya sa E, da ke da 'ya'ya 12, maki 1 kawai take ci, amma Q da Z kowanne maki 10 ne.

A nan ne abin dariya yake. NAIRA da KOBO duk kalmomi ne da ƙamus ɗin wasan ya amince da su. Sai dai NAIRA maki 5 ce, KOBO kuwa maki 10, saboda K da B sun fi tsada. Ranar da muka gano haka mun yi ta tsokanar 'yan sashen tattalin arziki.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A watan Nuwamban 2015, Wellington Jighere ya lashe gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. A shekarar ce kuma wani mutumin Niyu Zilan, Nigel Richards, ya lashe gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin yaren. Haddace jerin kalmomin ya yi cikin 'yan makonni.

Labarin Richards ya jawo musu a tsakaninmu. Wasu suka ce ai shi ke nan, a haddace kalma, ma'ana ba ta da amfani. A wajen mai neman kofi hakan na iya yin aiki, domin allo ba ya tambayar ma'ana. Amma mu da ku ba kofi muke nema ba. JAMB na da tambayoyi 60 a darasin Turanci, kuma a cikinsu akwai waɗanda ke neman kalmar da ta fi kusa a ma'ana, ko kishiyarta. Haka WAEC da NECO. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma mun san abokanmu masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya da wannan darasi ɗaya ya zaunar da su a gida shekara guda. Haddar aku ba ta fitar da mutum a ɗakin jarrabawa.

Don haka muka kafa wa kanmu doka: duk wanda ya ajiye kalma, sai ya faɗi ma'anarta. In ya kasa, a buɗe ƙamus, kowa ya rubuta a littafinsa. Wannan doka ta kai mu wuraren da ba mu zata ba. QI, wadda ke ceton mai riƙe da Q ba tare da U ba, ƙarfin rayuwa ne a tunanin mutanen Sin. XU ɗan ƙaramin kuɗin Biyetnam ne. JO masoyi ne a bakin mutanen Sikotlan. Mafi ban mamaki ita ce ZOBO. Tana cin maki 15, amma ba zoɓonmu na sha ake nufi ba. Wata dabba ce a yankin Tibet, ruwa biyu tsakanin saniya da wani sa mai yawan gashi da ake kira yak.

Ba za mu ce muku XU za ta fito a JAMB ba. Abin da ya fi amfanar mu shi ne ɗabi'ar buɗe ƙamus, da kuma gane yadda ake gina kalma. A wasan, in wani ya ajiye CARE, kai kana iya ƙara LESS ta zama CARELESS, wato marar kula, ko FUL ta zama CAREFUL, mai kula. UN a farkon kalma kan juya ma'anarta, RE kuma na nuna maimaitawa. Da muka san BIO rayuwa ce, GEO ƙasa, TELE nesa, sai kalmomin kimiyya da yawa suka daina ba mu tsoro. Ko ba ka taɓa ganin kalma ba, sassanta na iya nuna maka hanya.

Jujjuya haruffa ma na wasa ƙwaƙwalwa. Haruffan LISTEN su ne na SILENT, na EARTH su ne na HEART, na TEACH kuma su ne na CHEAT. Sannan ga wasan cike gidaje da ake bugawa a jaridu, wanda Arthur Wynne ya fara fitarwa a Amurka a 1913. Shi ma'ana yake ba ka, kai ka nemo kalmar. A nan za ka gane BANK na iya zama banki ko gaɓar kogi, BAT kuma jemage ko sandar buga ƙwallo.

Ba sai kuna da kuɗin sayen allo ba. Kwalin taliya, almakashi da biro sun isa: ku zana gidaje, ku yanka haruffa, ku aro ƙamus a laburaren makaranta. Ku haɗu ku uku ko huɗu ranar Asabar bayan kun gama aikin gida. In kowa ya fita da sababbin kalmomi biyar da ma'anarsu a mako, a shekara ya tara 260. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga aikin wannan mako: ku ɗauki haruffan STREAM, ku fitar da duk kalmomin da za ku iya, kowacce da ma'anarta a Hausa. Akwai mai haruffa shida da kuke kiran malaminku da ita. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba ku sa'ar jarrabawa.