Gajere Ba Yaro Ba Ne

Lansir ɗin da muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, da kabejin da muke yankawa a kan shinkafa da wake, suna da wata 'yar uwa a Turai wadda tsayinta da kyar yake wuce tsawon yatsa. Masana suna kiranta Draba aizoides, sunan da Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya raɗa mata a 1767. Mazauninta tsagar duwatsun farar ƙasa ne a tsaunukan Alps da Pyrenees da Carpathians, har zuwa tudun da ya kai mita 3,000, inda sanyi ya hana bishiya tsirowa.

Mu masu rubuta manhaja ne, ba mu karanci tsirrai ba. Ta hanyar aiki muka san ta, lokacin da muke koya wa wata manhaja gane tsiro daga hoto. Cikin dubban hotunan da muka bi, nata ne suka riƙa tsayar da mu: dutse fari fat, ko ƙasa babu, sai ɗan dunƙulen kore kamar an liƙa shi, da furanni ruwan ɗorawa a kansa. Sai muka shiga tambayar da muka saba yi wa kowane tsari mai aiki: da me yake gudana, kuma me ya haƙura da shi?

Shaidar danginta tana cikin furen. Kunnuwansa huɗu ne, a jere kamar alamar tarawa. A tsakiya akwai zaruruwa shida masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye, biyu gajeru. Duk wanda ya bar lansir ya yi fure a lambu zai tarar da wannan lissafin, sai dai nasa furen fari ne. Idan furen ya faɗi, sai 'yar kwasfa mai faɗi ta fito. In ta bushe ta rabe biyu, iri ya zube, a bar wata siririyar fata a tsaye kamar takarda.

Sauran jikinta kuwa duk tattali ne. A kan tsauni, kowace mita 100 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan rabin digiri ko fiye kaɗan, iska kuma tana ƙara ƙarfi. To amma iskar da ke manne da dutse ba ta gudu kamar ta sama, kuma dutsen yana riƙe zafin rana. Don haka sai ta kwanta a nan. Ganyenta sirara ne masu tauri, da gashi a gefensu, sun taru sun yi zobe-zobe a cunkushe. Idan rana ta fito, cikin irin wannan dunƙule yakan fi iskar da ke samansa ɗumi nesa ba kusa ba. Saiwarta doguwa ce, tana bin tsagar dutse har inda danshi yake. Karan da ke ɗauke da furen ko ganye ɗaya ba shi da shi. Ba ta kuma zubar da ganye da sanyi, abin da ya sa aka ba ta kashi na biyu na sunanta, daga kalmomin Girka masu nufin mai rai kullum. Dusar ƙanƙara na narkewa, ganyen yana nan a shirye, sai ta yi fure tun sauran tsirrai ba su farka ba.

Wannan irin tattali mun san shi a sana'armu, ko da yake ba kullum muke girmama shi ba. Wayar da yawancin mutanenmu ke riƙe da ita ma'ajiyarta ƙarama ce, batirinta ya gaji, datar da ke ciki kuma ta ɗari biyu ce ko ɗari biyar. Mai rubuta wa irin wannan waya manhaja sai ya auna kowane hoto da kowane layi. Lokacin da aka fitar da Facebook Lite a 2015, nauyinsa bai kai megabayit ɗaya ba, kuma ya yi aiki a inda layin sadarwa ke rarrafe. Yin ƙaramin abu mai aiki ya fi yin babba wuya, domin sai ka san abin da za ka bari. Gajere ba yaro ba ne.

Akwai wani reshe nata da ya fi ba mu mamaki. A duk Birtaniya, wuri ɗaya kawai take tsirowa da kanta: gaɓar tekun Gower a kudancin Wales, a kan duwatsun farar ƙasa da bangon wata tsohuwar fada da ta rushe mai suna Pennard. Nan ba tsauni ba ne, tana kallon teku ne, tana fure a watan Maris da Afrilu. Turawan Ingila sun sa wa danginta sunan ciyawar karkare, don a da sun ɗauka tana maganin wannan ciwo na yatsa. Me ya haɗa bangon kango da ƙololuwar Alps? Duka biyun wurare ne da dogayen tsirrai ba sa iya zama. Ashe wahalar wurin ita ce katangarta. A ƙasa mai taki, ciyawa za ta rufe ta da inuwa cikin 'yan shekaru.

A nan ne damuwar take. A 2018 mujallar Nature ta buga wani bincike a kan ƙololuwar tsaunuka 302 na Turai, da bayanan da suka kai shekara 145. An gano cewa tsakanin 2007 da 2016, yawan nau'in tsirrai a waɗannan wurare ya ƙaru da saurin da ya ninka na 1957 zuwa 1966 sau biyar, kuma ƙarin yana tafiya tare da ɗumamar yanayi. A ido kamar albishir ne, tsauni yana ƙara kore. Sai dai baƙin da ke hawowa daga ƙasa sun fi tsayi, sun fi saurin girma. Tsiron da ya saba da sanyi zai iya matsawa sama, amma tsauni yana da ƙarshe.

Mu ma a wurin aiki haka abin yake zuwa. Idan ofis ya samu intanet mai sauri da manyan kwamfutoci, sai manhaja ta fara kumbura ba tare da kowa ya yi niyya ba. A ƙara bidiyo, a ƙara talla, a ƙara sabuntawa kowane mako. Ba wanda ya kori mai ƙaramar waya da baki. Wata rana dai zai danna, a ce masa babu wuri, ya goge hotunan bikin 'yarsa, ya sake dannawa, a sake ce masa babu wuri, sai ya haƙura. Ba zai rubuto ƙorafi ba, kuma a alƙalummanmu ba za mu ga fitarsa ba, domin masu shigowa sun fi yawa.

Shi ya sa a teburinmu muke ajiye wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Duk abin da muka rubuta, sai ya buɗe a kanta kafin ya fita. Wani lokaci hakan yakan ci mana mako guda, mu cire abin da muka sha wahalar ginawa. Masu binciken tsaunuka su ma sukan koma ƙololuwa ɗaya bayan shekaru, su durƙusa su ƙirga abin da ke tsagar dutse, domin wanda ya tsaya daga nesa kore kawai zai gani, ba zai san wanda ya ɓace ba.