Darasin Ahalari a Gefen Gadon Malam

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu.

Ƴan'uwa, a damanar da ta wuce aka yi wa mahaifinmu aiki a Yamai, bayan shekaru yana fama da toshewar hanci da ciwon goshi, cutar da likitoci ke kira sinuzit. Ba a tsaga fuska ba: siririn ƙarfe mai fitila da kyamara aka zura ta ƙofar hanci, aka buɗe kogunan iskar da ke cikin ƙashin fuska. Da ba mu ga ɗinki ba, sai muka ɗauka an gama. Ashe rauni yana ciki, kusa da ido da ƙwaƙwalwa.

Likita ya kafa sharuɗɗa na mako 2: ban da fyace hanci, ban da sunkuyawa da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da aspirin. Atishawa a yi ta baki buɗe, a ɗaga kai da matashi wajen kwanciya, a wanke hanci a hankali da ruwan gishirin da ya rubuta.

A rana ta 3 Malam ya shaƙa ruwa a alwala, ya fyace, ya kai goshi ƙasa. Jini ya ɓalle har ya jiƙa buzu. Bayan an tsayar da shi, yayanmu ya durƙusa ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ku kuka karantar da mu a Ahalari cewa shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne, ba farilla ba." Malam ya yi shiru, sannan ya yi murmushi. Daga ranar ya koma salla a zaune, sujada da nuni, na'ibi ya ja jam'i.

Muka rufe masa ɗaki daga ƙura da hayaƙin turaren wuta. Muka mayar da shi asibiti a ranakun da aka sa, domin a cire busasshen jini kada nama ya manne hanya ta sake toshewa. Likita ya ce in muka ga kumburin ido, ko gani bibbiyu, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko farin ruwa mai gishiri yana ɗiga daga hanci, kada mu jira gari ya waye.

Yau Malam ya koma gaban sahu. Rangwamen da shari'a ta yi wa maras lafiya kyauta ce daga Ubangiji, bai kamata kunya ta sa a mayar da ita ba. Allah ya ba majinyatanmu lafiya. Wassalam.