Tambaya Cikin Rigar Tayi

Cikin wasannin karta na Turawa akwai wanda ake kira birij, wanda wani mutumin Amurka, Harold Vanderbilt, ya tsara lissafinsa a 1925. Mutum huɗu ke yinsa, biyu-biyu, kowa da karta 13. Kafin a jefa ko ɗaya sai an yi ciniki, kowa ya taya irin da ya ke so da yawan cin da ya ɗauka. Ban da tayin nan ba a yarda ka ce wa abokinka uffan ba.

Ni dai inda ya fi ba ni sha'awa shi ne bayan mai buɗewa ya yi tayi na biyu. A ce ya taya lu'ulu'u, na taya zuciya, ya komo ya taya mashi. Hannuna da ƙarfi, amma ban san inda za mu sauka ba. Sai in taya iri na huɗu, watau ganye, ko ba ni da na kirki. Ba ganyen na ke so ba, cewa na ke, "Malam, kada ka yi shiru. Kana da zuciya uku? Ko kana da abin tare ganye?"

Wani abokina ya ce wannan zamba ce. Ban yarda ba, gama dokar wasan ta hana yarjejeniyar ɓoye. In abokan hamayya suka tambaya, tilas a bayyana musu. Hatsarin yana wajen abokinka ne. In ya mance ya yi shiru, an bar ka da alkawarin ci takwas, ga ganye biyu tak a hannunka.