Alama guda ta ci mini ƙarfe da yini guda

Ganin yadda matasanmu na nan Agege ke tambaya a kan koyon aikin inji ya sa na ce bari in ba da labarin abin da ya same ni.

Ina aiki ne a wani shagon yanka ƙarfe a Ikeja, a kan injin nan mai kwamfuta da ake kira CNC. Wata rana wani Alhaji ɗan ƙungiyarmu, mai injin matse man gyaɗa, ya zo da giya a ƙulle cikin buhu. Giyar inji nake nufi, jama'a. Ta farfashe, ya zaga Ladipo bai samu irinta ba, ga yaransa zaune ba aiki. Ya ce, "Ɗana, kai na sani a nan, ka fitar da ni kunya."

Giyar mai karkatattun haƙora ce. Irinta ta fi mai miƙaƙƙun haƙora shiru da ɗaukar nauyi, domin haƙorin ba ya haɗuwa da ɗan uwansa lokaci guda, a hankali yake shiga. Sai dai tana tura shaf gefe, shi ya sa take son boris mai jure wannan turin.

Na ƙirga haƙora 30, modul 3, karkata digiri 20. A miƙaƙƙiyar giya faɗin zai zama milimita 90, amma karkatar ta kai shi kusan 95.8. Zurfin haƙori milimita 6.75. Yayin yanka, teburin injin yana tafiya, ƙarfen kuma yana juyawa a lokaci guda, da lissafin zagaye ɗaya a tafiyar kusan milimita 827. In an gama rami ɗaya sai a juya digiri 12 a shiga na gaba. A tsohon inji sai an jera wasu giyoyi kafin a haɗa tafiyar da juyin. A namu layi ɗaya ake rubutawa.

Lissafina duk ya yi daidai. Inda na faɗi shi ne, da yake tsohuwar giyar ta yi kaca-kaca, sai na ɗauki karkatar daga abokiyarta mai lafiya, na kwafe har da ɓangaren da ta karkata. Alhali idan shaf biyu suna jere, dole ɗaya ta karkata dama, ɗaya hagu. A kwamfuta bambancin alamar ragi ce kawai a gaban lamba.

Na yini ina yanka, janareta na shan dizal. Giya ta fito tas tana ƙyalli. Maigidana, wani dattijo Bayerabe da ya fara aikin tun kafin zuwan kwamfuta, ya kwantar da su biyun a tebur, ya dubi haƙoran, duk suna hawa dama. Ya ce, "Haɗa su in gani." Suka ƙi.

Zuciyata ta raya mini in ce wa Alhaji ƙarfen ne ya ba da matsala. Na dai daure na kira shi na ce, "Baba, kuskurena ne, a ƙara mini kwana biyu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gara da ka faɗa. Allah Ya kiyaye gaba." Kuɗin sabon ƙarfe daga albashina ya fita. Injinsa yana aiki har yau.

Tun ranar ba na taɓa maɓalli sai na ajiye giyar da abokiyarta a gabana, na gwada yankan a kan roba ko katako. Kwamfuta abin da ka rubuta take yi, ba ta tambayarka ko ka tabbata.

Ƙannena masu son sana'ar, ku riƙe lissafin sakandare da kyau, musamman na kusurwa, domin da shi muke cin abinci. Wanda yake so ya ga injin ya same ni bayan taron ƙungiya. Allah Ya sa albarka a neman kowa.